Fitilar rataya a tanti marar nauyi: ta caji ko mai batir?

Ɗan Gwauron Dutse:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. In Allah ya kai mu ƙarshen Disamba, ni da abokaina za mu hau Chappal Waddi, dutsen nan na Taraba da ke gandun dajin Gashaka Gumti, a bakin iyakar Kamaru. Mita 2,419 ne tsayinsa, duk Najeriya babu wanda ya kai shi. Kwana uku za mu yi a tanti, kuma kowa shi zai goya kayansa, daga bargo har ruwan sha. Ina son fitila ƙarama da zan rataya a cikin tanti, mu ci abinci, a lalubo abu a jaka, in ɗan yi karatu kafin barci. Babu wurin caji a can. Iri biyu na gani: ta caji mai ƙugiya a ka, da wata mai cin ƙananan batura uku. Kada ta wuce ₦15,000. Wanda ya taɓa kwana a daji da irinsu ya taimaka mini.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ka nemi babbar nan ta sola mai rediyo da fanka. Ita ce a gidana, tsakar gida gaba ɗaya take haskawa.

Bazazzagi:
Baban Ummi, mutum ya ce a bayansa zai goya, kai kana haɗa shi da fanka. A ƙasar Mambila? Can fa ruwan alwala ma sai an ɗumama. Ni abin da ya ɗaure mini kai, Bakano ya cire kuɗi daga aljihunsa ya je ya kwana a ƙasa, kuma ba sarin komai zai yo ba. Dala ta yi muku kaɗan ne?

Ɗan Gwauron Dutse:
Ku fara gamawa da Kufena tukuna, sai mu yi magana.

Malam Safiyo:
Aikin awon ƙasa nake yi, kwanan tanti ba baƙona ba ne. Ƙanena, abu na farko, kada yawan haske ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta lumen 1,000 a kwali, wato ma'aunin ƙarfin haske, to wannan ba na cikin tanti ba ne, idonku kawai zai kashe ya shanye batir. Tantin mutum biyu lumen 50 ya ishe shi, 100 kuma har karatu. Ka nemi wadda ake rage mata haske, mai murfi fari-fari da ke baza hasken, ba mai harba shi wuri guda ba.

Ga lissafi. Awa uku kowane dare, dare uku, awa tara ke nan. Fitila a ƙaramin haske wajen rabin wat take ci. Batirin caji dogon nan da ake kira 18650, in na gaskiya ne, zai riƙe ta kusan awa 20, kuma nauyinsa bai wuce giram 50 ba. Ƙananan batura uku ba su kai rabin wannan ƙarfin ba, amma su in sun mutu canzawa kawai za ka yi, kuma ana samunsu a kantunan Serti da Gembu. Sanyi yana rage ƙarfin batir kowane iri, shi ya sa nake kwana da nawa a cikin bargo.

Jikan Sarkin Baka:
Duk wannan lissafin na 'yan boko ne. Fitilar goshi ka saya, shi ke nan. Mu da muke kwana a daji ba mu san wata fitilar rataya ba. In fitsari ya kama ka da tsakar dare, ko ka ji motsi a bayan tanti, hannu biyu kake so. In kuma hasken ɗaki kake nema, ɗaura ta a jikin gorar ruwa ta roba, fuskarta na kallon ruwan, ka ga yadda tanti zai haske. Abu ɗaya, aiki biyu.

Malam Safiyo:
Dabarar gora tana yi, ban musa ba. Amma ku mafarauta ba a tanti kuke kwana ba, gindin itace kuke samu ku kishingiɗa. Ka taɓa zama ku biyu a wuri ƙarami kowa da fitila a goshi? Duk wanda ya ɗago kai sai ya makantar da ɗan'uwansa.

Jikan Sarkin Baka:
Yallaɓai, ku da mota ke kai ku har bakin aiki, yara su sauke muku kaya? Wanda ya ɗauka a wuyansa shi ya san nauyi.

Maman Sadik:
Ni ban taɓa hawa dutse ba, amma ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma akwai abin da ban ga kowa ya faɗa ba. Duk wadda za ka saya, don Allah kada sanyi ya sa ku shigar da kyandir, ko fitilar ƙwai, ko kaskon gawayi cikin tanti ku zuge. Yadin tanti leda ne, yana kamawa ya narke a jikin mutum. Gawayi kuma yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. Lokacin hunturu muna ganin irin wannan daga ɗakunan da aka rufe da gawayi a ciki.

Ba'adare:
Ɗan'uwa, kome za ka saya, kada ka yarda da abin da anka rubuta a kwali. Ni ga abin da ya same ni. Lokacin da munka tafi haƙar zinariya Cibarakaten, can arewa da Agadas wajen iyakar Aljeriya, na tsaya kasuwa na sayi fitilar caji jika bakwai. An rubuta 20,000 mAh a jikinta, wato yawan cajin da batirinta ke riƙewa. Mai shago ya rantse mini za ta yi sati ba caji, har waya za ta cika mini. Na ɗaga na ji nauyi, na ce lalle wannan da batir a ciki.

Daren farko da munka kafa tanti, kafin mu gama shan shayi ta fara ja, ta mutu. Wayoyinmu duk babu caji, hanya ta cinye. Cikin wannan duhun kunama ta harbi ƙanena a hannu yana laluben bargo. Ba mu ga irinta ba, ba mu ga inda ta shige ba, muka kwana a tsaye waje cikin sanyi, yaro yana kuka yana zufa, babu likita kusa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hankalinsa bai sake kwanciya da wurin ba, dole na sa shi mota ya koma gida. Kuɗin motar nan daga cikin jarina ya fita.

Da na kwance fitilar, ka san abin da na tarar? Batir ɗaya ƙarami, sauran biyun kwanso ne cike da rairayi, ko waya ba a haɗa musu ba. Rairayi na saya na ɗauka na kai hamada. Da na dawo na je wajen mai shagon, ya dube ni ya ce bai taɓa ganina ba.

Bazazzagi:
Subhanallahi. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Amma kai rairayi Sahara, wannan ko Bakano bai taɓa yin irin wannan fataucin ba.

Maman Sadik:
Ba abin dariya ba ne, Malam. Kunamar hamada tana kisa, musamman yara.

Malam Safiyo:
Sannu Ba'adare. Abin da ya sa na ce "in na gaskiya ne" ke nan. Batirin 18650 mai kyau wajen 3,500 mAh yake riƙewa. Duk wanda ka ga an buga masa 9,900, ƙarya ce tun daga masana'anta. Fitilar da ke da 20,000 na gaske sai ta ɗauki irinsa shida, ba za ta taɓa zama 'yar ƙarama mai arha ba. Da dai rashin nauyi ne ke tona asirin jabu, to yanzu sun gane, suna cika su da yashi. Shi ya sa na fi son fitilar da ake buɗewa a ciro batirin a gani da ido.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Na karanta duka. Sana'ata ke nan a nan Kano, kuma gaskiya ana yi mana kuɗin goro. Ba mu muke ƙera kayan nan ba. Kwali muke buɗewa kamar yadda kuke buɗewa. Sannan ku masu saye ku ne kuke kawo jabu kasuwa: in na ajiye ta ₦22,000 mai kyau da ta ₦6,500 mai kama da ita, goma za su ɗauki ta shida da rabi kafin ɗaya ya taɓa ta ashirin da biyu. Ɗan Gwauron Dutse, ₦15,000 ɗinka ba za ta sayi ta caji ta kirki ba yanzu. Ka ƙara kuɗi, ko ka ɗauki mai batir ka haɗa da batura masu kyau, ba na rediyo masu arha ba.

Baban Ummi:
Alhaji, ₦22,000 fa? Ƙanen matata ya sayo irinta ₦9,000 a Sabon Gari watan jiya.

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Irinta a ido. Ka ce ya kwance ta.

Ummu Hanan:
Ni a intanet na yi oda ₦13,500 har da kuɗin kawowa, tana nan tana aiki. Yara ke karatu da ita in an ɗauke wuta. Haskenta ruwan ɗorawa ne, kuma na lura ƙwari ba sa taruwa a kanta kamar farar da muke da ita a da.

Jikan Sarkin Baka:
Hajiya, fitilar da ke kan tebur ana yi mata caji kullum ba a gwada ta ba tukuna. Raɓar daji ta sauka a kanta dare ɗaya, sannan ki ba mu labari.

Malam Safiyo:
Nan kam na yarda da shi. A duba alamar IPX4 a jiki, ita ce ke nuna tana jure feshin ruwa, kuma wurin cajin ya zama da murfin roba. Saman dutsen nan raɓa da hazo ba wasa. Maganar ƙwari kuma gaskiya ce, farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi jawo su.

Ɗan Gwauron Dutse:
Na gode ƙwarai. To yanzu ta cajin zan ɗauka ko mai batir? Kuma 'yar solar da ke saman wasu, tana cika su kuwa?

Ba'adare:
Wannan 'yar solar ado ce, yini guda a rana ba ya cika ta. Amma ni tambayata ga Alhaji take. Kun ce ba ku kuke ƙerawa ba, na ji. To me ya sa in mutum ya dawo da kaya ba ku karɓa? Me ya sa kuke rantsuwa a kan abin da ba ku kwance kun gani ba?

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Domin wanda ya sayar mini a Legas shi ma ba ya karɓa. In na karɓi naka, a wuyana zai kwana. Ni dai a shagona ana gwadawa a gabanka kafin ka biya.

Maman Sadik:
Gwajin minti ɗaya, Alhaji? Kowace fitila tana kamawa a shago. Ni dutsen guga na saya, aka gwada ya yi zafi, na kai gida ko sati bai rufa ba ya ƙone. Na mayar, yaron shagon ya nuna mini ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da su. Da ƙananan baƙaƙe, kuma da Turanci.

Ummu Hanan:
Ke kin samu rasit ma. Cajar waya uku na saya a bana, duk wanda ka koma wa sai ya ce wutar gidanku ce ta yi yawa.

Bazazzagi:
Wutar da ba a kawowa ce ta yi yawa?

Alhaji Mai Kayan Wuta:
Ai ran da aka kawo ta ne take ƙona kayan. Hajiya, wane irin soket ne a gidanki? In irin na bango mai rawa ne, ko cajar ₦10,000 kika sa sai ta tafi.

Ummu Hanan:
Ka ji ko. Yanzu kuma laifin soket ne.