Kundin ayyukan kiɗa: shin kalangu zai karɓu?

Uwar ɗalibi, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyu a babbar sakandare a nan Kumasi, kuma kiɗa na cikin darussan da ya zaɓa. Malaminsu ya umarce su da su haɗa kundin ayyukansu domin a ba su maki, shi kuwa ya nace sai ya gina nasa a kan kalangu, wanda ya koya a hannun kawunsa. Shin hakan zai karɓu, ko kuwa sai ya koma wa piyano?

Malamin kiɗa, Asawase:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ya fara karɓo ƙa'idojin bayar da maki daga malaminsa, domin su ne za su raba gardama. A ganina kalangu ba abin rainawa ba ne, tunda ɗan'uwansa dondo yana cikin kiɗan adowa na Asante, kuma da nazarin irin waɗannan kaɗe-kaɗe marigayi Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya yi suna a Jami'ar Gana da ke Legon.

Wahalar tana wajen rubutawa. Muryar kalangu tana hawa da sauka gwargwadon yadda makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, layuka biyar na rubutun kiɗa kuwa ba sa kama wannan zamiya, saboda haka ya rubuta kalmomin taken a ƙarƙashin alamomin, ya nuna inda murya ta ɗaga da inda ta faɗi. Kada ya zubar da takardunsa na farko masu goge-goge. Ya sa wa kowace kwanan wata, domin mai dubawa yana son ganin yadda aikin ya girma.

Tsohuwar ɗaliba, Sabon Zango:
Mama, wajen naɗar sauti ya kashe fanka, ya rufe taga saboda ƙarar motoci, ya ajiye wayar nesa kaɗan, don in ta matso ganga sautin fashewa yake yi. Manhajar rubutun kiɗa ta MuseScore kyauta ce, za ta tsaftace masa rubutun ƙarshe.

Malamin kiɗa, Asawase:
Haka ne, 'yata. Ya kuma nemi izinin kawun kafin ya naɗe shi, ya bayyana a kundin cewa daga gare shi ya samo taken. Sannan, Hajiya, ki tuna masa cewa jarrabawar kiɗa ta WAEC tana da ɓangaren saurare, kada kundin ya cinye lokacin horar da kunne.