A sakar wa firibet ƙwaro, ko a ci gaba da sara?

Maigona: Jama'a, ga magana mu tauna. Firibet ɗin Sin, wani ƙaramin itace da masana ke kira Ligustrum sinense, an kai shi Amurka a 1852 don shinge da ƙawata gida. Yau ya mamaye dazukan bakin kogi a Jojiya da Alabama da Misisifi, ya yi duhuwar da itatuwan asali ba sa iya tsirowa a ƙarƙashinta. Ni dai na ce sara da feshi ba za su gama da shi ba. A ɗauko masa abokin gaba daga ƙasarsu.

Malama: Wane abokin gabar, Malam?

Maigona: Leptoypha hospita. Ɗan mitsitsin ƙwaro ne, yana laɓewa a bayan ganye yana tsotse ruwansa, sai ganyen ya yi ɗigo-ɗigon fari, ya ƙone ya zube. Niyu Zilan ta sake shi a 2015.

Kawu: Ɗana, a yi a hankali. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo Ostareliya daga Hawai don ya cinye ƙwarin rake. Raken bai tsira ba, kwaɗon kuma ya bazu, gubarsa na kashe macizai da guza har gobe. Abin da ka saka a daji ba ka da igiyar janyo shi.

Maigona: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wancan kwaɗon ba a gwada shi yadda ake yi yanzu ba. Yau sai an killace ƙwaro shekaru, ana ba shi tsirrai iri-iri a ga wanda zai ci.

Malama: To ai nan gizo ke saƙar. Firibet dangin zaitun ne, kuma Amurka na da nata 'yan gida a dangin, irin su Forestiera da ke tsirowa a fadamun da firibet ya cika. Ƙwaron da bai dami Niyu Zilan ba yana iya zama bala'i a Jojiya. Ku tuna Cactoblastis, ƙwaron da tsutsarsa ke cin kaktus: ya share wa Ostareliya ƙayar kaktus, ana ta yabo, sai ga shi a Filorida a 1989 yana cin kaktus ɗin asali.

Ɗan Fadama: Amma Malama, mu ma ganau ne. Ƙwaron da ya tashi kashe rogo a Afirka, wane feshi ne ya tare shi? Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, da masanin ƙwari Hans Herren, suka saki ɗan zanzaro daga Kudancin Amurka a 1981, rogo ya farfaɗo. Manomi bai biya ko kwabo ba.

Malama: Gaskiya ne, Yaya, domin zanzaron bai da abin nema sai wannan ƙwaron. Shi nake so a tabbatar a nan.

Kawu: Kuma sara yana aiki. Firibet ba ya zubar da ganye duka da hunturu, sai a fesa masa magani lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara, ba a taɓa su ba. A Jojiya inda aka cire shi, ƙudan zuma na daji da malam-buɗe-littafi sun ƙaru.

Maigona: A fili ɗaya kenan, Kawu. Ka sare shi ya toho daga saiwa, tsuntsaye su ci 'ya'yansa su kasayar da irin a dajin da ka gama sharewa. Wa zai biya leburori su bi kowane kogi duk shekara?

Malama: Wannan tambayar ta kama ni, Malam. Amma ko da kuɗin ya yi yawa, ba zan sa hannu a saki ƙwaron ba sai an nuna min ya ga Forestiera ya kau da kai.