Wane Suna Za Mu Ba Abincin da Ake Kira OGM ko GMO?

Ƴan'uwa masu bibiyar sha'anin harshe, ga wata kalma da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu ba ta sami sunan gida ba. Wanda ya yi lakkol a nan Nijar yana cewa OGM, wanda yake sauraron gidajen rediyon Katsina da Kano yana cewa GMO, kuma duka biyun haruffa uku ne da ba sa gaya wa manomin Madarunfa ko mai tuyar ƙosai a bakin tasha komai. Tun da kundin da aka fitar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, duk ranar da hukuma ta ce a riƙa rubuta bayani a jikin buhu da kwali, da Hausa za a nemi a rubuta shi, kuma gara mu daidaita kan kalmar tun kafin wani ya ƙaƙaba mana wadda ba ta dace ba.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Kowace shuka tana ɗauke da ƙwayoyin gado, waɗanda su ne suke sa wake ya fito wake, fari ko ja, mai saurin nuna ko mai jinkiri. Masana suna iya ɗauko ƙwayar gado guda daga wata halitta dabam su sanya ta cikin shuka a ɗakin bincike, sai shukar ta sami wani hali da ba ta da shi a da, kuma ta gadar da shi ga ƴaƴanta; irin wannan shuka ce ake kira OGM da Faransanci, GMO da Ingilishi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta samar, aka amince da fitar da shi ga manoman Najeriya a watan Disamba na 2019. An sa masa ƙwayar gadon wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, domin ya riƙa kashe tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. A farkon 2024 kuma Najeriya ta amince da masarar TELA, wadda ita ma aka sa mata ƙwayar gadon wata halitta. Wanda ya san yadda hatsi da iri suke ƙetarawa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ba ya bukatar a gaya masa cewa maganar ta shafi Maraɗi.

Shawara ta farko da aka fi kawowa ita ce «ingantaccen iri». Wannan kam ba za ta yiwu ba, domin sunan yana da mai shi. Irin gero da na wake da cibiyar binciken noma ta Nijar, wato INRAN, take fitarwa daga Tarna kusa da Maraɗi, ta hanyar barbarar shuka da shuka da zaɓen mafi kyau shekara bayan shekara, shi manoma suke kira ingantacce, kuma ba a sa masa ƙwayar gadon wata halitta ba. Idan muka haɗa su a suna guda mun ɓata wa mai saye lissafi, mun kuma yi wa sabon abu talla, tunda duk wanda ya ji «ingantacce» ya ji yabo. Manoman auduga na Burkina Faso, waɗanda suka fara shuka audugar Bt a 2008 aka kuma janye ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce, suna da ta cewa a kan wannan yabo. «Irin zamani» ma haka take, domin har takin buhu da injin ban ruwa na zamani ne. «Ɗan aure» kuwa sunan mangwaro ne da lemon da aka haɗa reshensu da wani gindi, aikin da mai lambu yake yi da wuƙa da leda.

Wadda ta fi yaɗuwa a kafafen labarai ita ce «abincin da aka sauya wa halitta», kuma a kanta nake so mu tsaya sosai. Ta fuskar ma'ana ba ta yi nisa da gaskiya ba. Amma duk wanda ya zauna gaban malami a garin nan, da ya ji an ce an sauya halitta, zuciyarsa za ta tafi ga aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su canza halittar Allah. Ke nan kalmar ta yanke hukunci tun kafin a kai maganar gaban malamai, alhali ko wannan aiki ya shiga ƙarƙashin ayar ko bai shiga ba, tambaya ce ta masana fiƙihu da masana kimiyya, ba ta mai buga rubutu a jikin buhu ba. Rubutun jikin kaya aikinsa sanarwa, ba wa'azi ba kuma ba talla ba. Wasu ƙasashen ma sun sha wannan gardama. Tarayyar Turai tun 2003 ta wajabta a rubuta bayani ƙarara a jikin abincin da ke ɗauke da OGM, sai dai idan abin ya shiga ne bisa kuskure kuma bai wuce kashi 0.9 cikin ɗari ba. Amurka kuwa ta yi dokarta a 2016, ta fara tilasta ta a watan Janairu na 2022, amma ta kauce wa haruffan GMO da jama'arta suka saba da su ta ɗauko wata kalma dabam, abin da masu suka suke ganin an yi ne don a sassauta wa kamfanoni.

Akwai kuma abin da ya bambanta mu da su. A Turai mai saye yana juya kwali ya karanta. A kasuwar Maraɗi yawancin wake da masara a tiya ake auna su daga buɗaɗɗen buhu, buhun ma sau da yawa na shinkafa ne ko na taki da aka sake amfani da shi, saboda haka bayanin yana bakin mai awo ne. Masu tsayawa gabansa kuma ba jinsi ɗaya ba ne, ba kuma damuwa ɗaya ta kawo su ba. Bakatsine ko Bagobirin manomi yana so ya san ko zai iya ajiye iri ya shuka baɗi. Bafulatanin da ya gangaro daga wajen Dakoro tambayarsa a kan harawa da dusa ce, abin da shanunsa za su ci. Buzu da Bazabarme da Babarbare kowa zai koma gida ya mayar da maganar cikin harshensa. Wani tambayarsa ita ce daga wace halitta aka ɗauko ƙwayar gadon, domin idan daga dabbar da addini ya haramta ce maganar ta canza, wani kuwa Kirista ne daga kudancin Najeriya ko Benin da yake da tasa mahangar. Hausa ce take haɗa su duka a wajen ciniki, don haka kalmar da za mu zaɓa dole ta zama gajeriya, mai sauƙin faɗa ga wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kuma wadda ba ta jingina da aƙidar kowa ba.

Wani ɗan'uwa malamin makaranta ya kawo «dashen gado», kuma lallai ya kusa. Dashe kalma ce da kowa ya sani, daga dashen albasa har dashen ƙoda a asibiti, kuma tana nufin ɗauko abu daga wani wuri a kafa shi a wani ya kama. Matsalar tana ga «gado». A rubuce ba a bambanta gadon da ake gada da gadon lambu, kuma mai noman rani a Jiratawa da ya ga «dashen gado» a jikin buhu zai ɗauka tumatir ake nufi da aka ciro daga reno aka dasa a gado.

Abin da nake ba da shawara shi ne mu riƙe dashen mu canza abin da aka dasa, mu ce «dashen hali». Manoma sun riga suna cewa halin wannan iri shi ne jure fari, halin wancan shi ne saurin nuna, kuma abin da masana suke ɗaukowa daga wata halitta su kafa a shuka hali ne, kamar halin kashe tsutsa. Kalmar ba ta yabo ba ta zagi, tana kuma jawo tambayar da ta kamata: wane hali, daga ina? Tana shiga jimla ba tare da wahala ba. Za a ce wake mai dashen hali, masara mai dashen hali, man da aka tatsa daga iri mai dashen hali. A jikin kaya a rubuta «Akwai dashen hali» ko «Babu dashen hali», da boko da ajami, a ƙara layi guda da ke faɗin inda aka ɗauko halin.

An yi mini ƙorafi biyu. Na farko shi ne hali na mutum ne, kuma wani zai iya zaton cin abincin zai canza masa ɗabi'a. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amma a ganina sanya sunan shukar a gaba yana warware shi, tunda «wake mai dashen hali» ya nuna a jikin wa aka yi dashen. Na biyu daga wani ɗalibin aikin gona ne na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙolodo, wanda ya ce akwai sabuwar dabarar da ba a ɗauko komai daga waje, ana gyara ƙwayar gadon shukar ce a inda take. Gaskiyarsa, kuma wannan dabara tata kalmar za a nema mata, wataƙila «gyaran hali», kada a cusa ta cikin wannan.

Abin da ya rage shi ne masu jin Fulatanci da Buzanci da Zabarmanci da Barbarci a cikinmu su gwada mayar da «dashen hali» cikin harsunansu, su gaya mana ko ta fita da ma'anarta ko ta karkace a hanya.