Neman shawara: minsharin maigidana da ƙaramar tiyatar ganɗa

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ku taimaka min.

Maigidana na yin minshari mai tsanani. Ba ƙarar ce ta dame ni ba, shirun da ke biyo baya ne: numfashi ya tsaya cak, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai ya zabura yana haki. Da rana kuwa gyangyaɗi, ga shi direba ne, ga hawan jini.

Gwajin barci ya nuna matsakaici ne, wato numfashin na yankewa ko raguwa sau 15 zuwa 30 a awa guda. An ba shi na'urar CPAP, wadda ke hura masa iska ta takunkumi lokacin barci, amma takunkumin na takura masa, wuta kuma ba ta tsayawa.

Yanzu likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya kawo maganar ƙaramin aiki: a kashe zafin wurin da allura, a ɗan ƙona naman bayan ganɗa ya ƙanƙance, a sallame shi a ranar. Dangi kuma sun dage wanzami ya cire beli, ni dai ban yarda ba.

Shin aikin na magance ɗaukewar numfashin, ko minsharin kawai yake ragewa? Yakan dawo bayan shekaru?