Me za mu kira ruwan da jirgi mai inji ke tayarwa a bayansa?

Jama'a ku matso, kalma nake nema.

Satin da ya wuce na shiga kwale-kwale a dam ɗin Dadin Kowa, wani dattijo masunci ke tuƙi, sai jirgi mai inji ya gifta ta can nesa har na manta da shi. Baba kuwa tuni ya karkata goshin kwale-kwalen, ya ce "yaro zauna ƙasa, kar ka miƙe." Can sai ga ruwa ya iso tudu-tudu guda uku ko huɗu a jere, ya ɗaga mu ya sauke, filafilinsa bai bar cikin ruwa ba ko sau ɗaya, daga nan lif kamar ba a yi ba. Na ce Baba meye sunan wannan? Ya ce "ruwan inji ne."

Turawa suna ce masa wek, amma a rubuce wake ne sak irin na dafa-duka, toh aro ma ba zai yiwu ba.

Na san za a ce ai muna da igiyar ruwa da raƙumin ruwa. Waɗannan iska ke koro su, suna zuwa ta fuska ɗaya ba tsayawa, kana gani kana shiri. Na jirgi kuwa sai mai shi ya wuce yake isowa, ko da ranar ba iska, in ya shigo wurin da ba zurfi ya ƙara tsayi, in ya daki dutse ya dawo maka ta baya. Wanda ya same ka ta haƙarƙarin kwale-kwale shi ke kifarwa, shi ya sa ake tarbarsa a karkace da goshi. Abu mai halinsa daban haka wallahi ya kamata a ce yana da sunansa, ko don a iya kwaɗa wa yaro kira cikin kalma biyu.

Wani abokina ya ce sawun jirgi. Da daɗin ji, amma sawu inda aka taka yake zama, wannan kuwa tafiya yake har gaɓa. Wani ya ce wutsiyar jirgi, ita ta fi dacewa da farin kumfan da ke bin inji ta baya, kuma ba shi ne haɗarin ba.

Ni dai na tsaya kan huɗar jirgi. Duk ɗan Gombe ya ga garmar shanu tana tsaga ƙasa tana watsa ta dama da hagu, haka goshin jirgi ke yi wa ruwa, layi biyu suna buɗewa ta baya. Tun 1887 masanin nan na Birtaniya Lord Kelvin ya lissafa cewa a ruwa mai zurfi kowane layi yana buɗewa da digiri kusan 19 da rabi, ku duba bayan agwagwa a tafki za ku ga siffar. Kuma jirgin da ya rage gudu rabi-rabi, gindinsa ya nutse goshi ya ɗaga, ya fi kowa zurfin huɗa, kamar an danne garma.

Ku gwada a baki: "ga huɗa nan, juya goshi!"

Mutanen bakin dam ɗin Gubi da na Balanga, da Sarkawan Yawuri masunta in kuna nan, don Allah ku tambayo mana dattawanku, in akwai tsohon suna a bakinsu shi za mu ɗauka in janye nawa.