Ana dukan ƙanwar ƙawata a Rangpur saboda babur, in je ko in zauna?

Ɗaliba a Dhaka:
Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Bangaladash. Wadda muke ɗaki ɗaya 'yar Rangpur ce, ta riƙe ni kamar ciki ɗaya muka fito. Bara aka aurar da ƙanwarta, yanzu mijin ya tubure sai iyayenta sun saya masa babur, har ya fara dukanta. A nan iyayen amarya ne ke ba ango dukiya, suna kiranta joutuk. Ƙawata tana cikin ƙungiyar matan ƙauyensu, irin masu taruwa a tsakar gida, kuma za su kai maganar gaban salish, wato zaman sulhu na dattawan gari. Ta roƙe ni in raka ta da hutu. Raina yana so, amma ni baƙuwa ce, yarensu ma bai zauna mini a baki ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Yaya da ta yi karatu a Gazipur:
Ƙanwata, abin da mijin nan yake yi laifi ne a dokarsu. Tun 1980 aka haramta joutuk, aka sabunta dokar a 2018, mai nemansa zai iya shan ɗaurin shekara biyar. Abin da nake tsoro shi ne salish ɗin. Maza ne ke cika wurin, sau da yawa kuma hukuncin bai wuce "ki yi haƙuri ki koma". Kada su je su kaɗai. Kowace majalisar ƙauye, Union Parishad, tana da kujeru uku na mata waɗanda ake zaɓa kai tsaye tun 1997, su nemi tasu ta zauna da su. Su tafi da takardar ɗaurin aure, kabinnama, domin a ciki aka rubuta sadakin da ita ke bin sa. In duka ya sake faruwa, asibiti tukuna a rubuta raunin, sannan a kira 109, lambar wayar gwamnati ta kai ƙarar cin zarafin mata da yara. Ƙungiyoyin kare haƙƙi na Mahila Parishad da Ain o Salish Kendra duk suna taimakawa da lauya.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi:
Malama, karatu ya kai ki. Baƙo idonsa ke gani, bakinsa ba ya faɗa. In rigima ta tashi, takardar zamanki za a fara tambaya. Ki taimaka da kuɗin mota da addu'a.

Hajiya, tsohuwar malamar makaranta:
'Yata, ɗan uwanki yana da gaskiya a rabi. Kada ki buɗe baki a gaban dattawansu, kada ki ɗauki hoto. Amma ki je. Yarinyar da aka daka tana bukatar mai zama kusa da ita da dare, wannan kuwa ba ya bukatar yare. Matan nan sun daɗe a wannan aiki. Begum Rokeya, marubuciyar da ta yi fafutukar ilimin mata, 'yar Rangpur ɗin ce, da yara biyar ta buɗe makarantar mata a 1909, daga baya ta mayar da ita Kalkata tana bin gida gida tana roƙon iyaye. Duk sanda na karanta labarinta sai in tuna jajis ɗin Nana Asma'u da 'yan taru. Kuma ki buɗe kunne ki koyo mana, domin mu ma nan na ga uban da ya sayar da gona saboda kayan ɗaki da gara, aka kuma goranta wa 'yarsa cewa ba su kai ba.

Ɗaliba a Dhaka:
Na gode ƙwarai. Yaya, na karanta mata saƙonki, ashe kabinnama ɗin yana hannun mijin, za su nemi kwafi a ofishin alƙalin da ya ɗaura auren. Hajiya, na kira Mama ta amince, da sharaɗin in kwana a gidansu ƙawata. Ranar Alhamis za mu hau mota in Allah ya yarda.