Ƙananan jiragen ƙasa: me kuke so kamfanoni su ƙera wanda har yanzu ba su ƙera ba?

Malam Dogo:
Jama'a, sallama. Kowace shekara kamfanonin da ke ƙera ƙananan samfuran jiragen ƙasa na wasa suna fitar da jerin sababbin kaya, kuma kusan kullum fuskoki ɗaya ake gani: kan jirgi mai tururi Flying Scotsman a sikelin OO, da Big Boy a HO da N (sikeli shi ne yawan ƙanƙantar da samfuri daga girman ainihin jirgi, kuma OO, HO da N sunayen sikeli ne). Big Boy guda 25 kacal aka ƙera wa kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific a Amurka, amma taragun kaya da suka yi ta ja dubbai ne. Wanda ya shimfiɗa layi a tebur yana buƙatar kan jirgi ɗaya da taragu ashirin. Ku kawo abin da kuke nema ba ku samu ba, da sikelinsa, da dalilin da ya sa dabarun da ake yi yanzu ba su wadatar ba.

Mai Layin Kef:
Malam, nawa buƙatar ita ce jiragen layi mai faɗin milimita 1,067. Shi ne layin Afirka ta Kudu da maƙwabtanta, da yawancin Japan, da Niyu Zilan, da jihar Kwinsland a Ostareliya. Duk da haka da wuya ka ga babban kamfani ya fitar da samfurinsa a shirye a kan layi mai faɗin da ya dace, sai ƙananan masu sana'a. Lissafin ma ya riga ya zo da sauƙi. A HO, wato kashi 1 cikin 87, faɗin ya kama milimita 12.3, ga layin wani sikeli, TT, mai milimita 12 a kasuwa. A sikelin TT, 1 cikin 120, ya kama 8.9, ga layin N mai milimita 9. A 1 cikin 64 kuwa ya kama 16.7, sai layin HO mai 16.5 ya zauna masa daidai, kuma mutanen Niyu Zilan sun daɗe suna aiki da shi. Layi akwai, ƙafafu akwai, abin da babu shi ne jiki da shasi.

Matsalar aron shasin TT a sa ƙarƙashin jikin HO ita ce ƙafafun sun yi ƙanana, tazarar da ke tsakaninsu ta yi gajarta, sai jikin ya zauna kamar an ɗora masa rigar aro. Layin TT kuma katakansa sun yi kusa da juna. Layin HOm, wato na HO mai kwaikwayon layin mita ɗaya, wanda shi ma milimita 12 ne, ya fi dacewa da ido. Amma kada a haɗa ƙafafun wani kamfani da mararrabar layin wani ba tare da an auna tazarar bayan ƙafa zuwa bayan ƙafa ba, don a nan ne tarago ke hawa kan hancin mararraba, wato tsinin da dogo biyu ke haɗuwa, ya sauka.

Injiniya:
In dai an zo kan wannan layin, to a ƙera Garratt, wato kan jirgi mai tururi mai gaɓoɓi. Ajin GMAM na Afirka ta Kudu, mai tsarin ƙafafu 4-8-2+2-8-4, guda 120 aka yi. Aji na 59 na Gabashin Afirka, mai layin mita ɗaya, guda 34 ne daga kamfanin Beyer, Peacock na Manchesta a 1955, kuma layin milimita 12 zai ɗauke shi tunda lissafinsa a HO 11.5 ne. Garratt na da kyau ga mai ƙaramin tebur, domin tukunyar tana rataye tsakanin injuna biyu masu juyawa, tana shan kwanar da dogon kan jirgi mai shasi guda ba zai sha ba.

Sai dai ina da sharaɗi. In za a sa mota biyu, wato injin lantarki mai juya ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, dole gudunsu ya zo ɗaya. In ba haka ba, ɗaya na ja ɗaya na turjewa, mai turjewar ta yi zafi har ta ƙone. Ko a tace motocin tun daga masana'anta, ko a sa mota ɗaya a cikin tukunya da sandunan juyi zuwa ɓangarorin biyu. Wayoyin da ke ratsa gaɓoɓin kuma su zama masu laushi, masu silili da yawa, domin waya mai tauri tana hana gaɓar juyawa, sai ƙafar gaba ta ɗaga a kwana.

Hajiya Mai N:
Ni ƙaramin abu nake roƙo: ɗan kan jirgin jera taragu mai ƙafa huɗu ko shida a sikelin N, wanda zai yi tafiyar hawainiya a kan mararraba bai tsaya ba. Dalilin tsayawarsa sananne ne. Shasi mai tauri mai ƙafa huɗu, uku ne kawai ke taɓa dogo a mafi yawan lokaci. In ɗaya ta hau hancin mararraba na roba, ɗaya kuma ta taka ƙura, wuta ta yanke. Maganin abu uku ne, kuma duk daga masana'anta ya kamata su zo: sandar ƙafa ɗaya ta riƙa ɗan lilo a tsakiya don duk ƙafafun su zauna, kowace ƙafa ta ɗauki wuta, sannan a bar gurbin kafasita mai riƙe wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kuma a daina sa wa irin wannan ƙaramin inji zoben roba a ƙafa. Yana ƙara ƙarfin ja, amma ƙafar da ke sanye da shi ba ta ɗaukar wuta.

Soket ɗin dikoda, wato ɗan allon lantarki mai karɓar umarnin gudu da fitila, ya zama irin da ake kira Next18. Tsohon mai fil shida, NEM 651, mota da fitila biyu kaɗai yake ɗauka, babu hanyar lasifika.

Injiniya:
Hajiya, gaskiyarki kan soket, amma gurbin kafasita a N yana cin nauyi. Duk inda aka rarake shasi an rage ƙarfe, inji mara nauyi kuma ba ya ja, ba ya kuma danne dogo ya ɗauki wuta. Sai in an zuba jikin da ƙarfe maimakon roba, ko a cusa tangistan, wanda ya fi dalma nauyi sosai a gurbi ɗaya.

Hajiya Mai N:
Na yarda, Injiniya. Jikin ƙarfe ya fi min, ko da za a rasa wasu ƙananan ado. Kafin nan, mai fama da tsayawa ya sa mararraba mai hancin ƙarfe, ya ba hancin wuta ta makunnin da ke sauyawa tare da layin.

Baban Tarago:
Ku bar ni da taragun kaya na yau da kullum, cikin kwali mai shida ko goma, kowanne da lambarsa daban. Jirgi mai taragu goma duk lamba ɗaya ba ya kyan gani. Goge lamba da hannu kuma yakan ci fenti: auduga da ɗan sinadarin goge fenti na cire lambar, amma wurin yana yin sheƙi, sai an sake fesa ruwan kariya mara ƙyalli. Da za a riƙa sayar da wasu ba fenti ba lamba, da takardar lambobi a ciki, da an huta.

Nauyi ma a gyara. Shawarar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ga HO ita ce kimanin giram 28, a ƙara giram 14 kan kowane inci na tsawon tarago. Tarago mai tsawon ƙafa 40, a HO tsawonsa kusan santimita 14 ne, nauyinsa ya kamata ya kai wajen giram 106. A N, irinsa wajen giram 27. Rufaffen tarago ana iya manna masa nauyi a ciki, a ƙasa, a tsakiya. Buɗaɗɗe da shimfiɗaɗɗe ne ba su da wurin ɓoyewa, kuma su ne ke faɗowa cikin kwana in aka sa su gaba, masu nauyi na baya. Waɗannan a zuba ƙasansu da ƙarfe.

Sai aljihun ƙugiya, wato ramin da ake cusa abin da ke haɗa tarago da tarago. Ƙa'idar NEM 362 ta faɗi tsayinsa daga kan dogo, milimita 8.5 a HO, amma za ka ga aljihun na nan, tsayin ya kauce, ko yana lilo ƙasa. In ka sa ƙugiyar kamfanin Kadee, guntun ƙarfenta na ƙasa ya kama mararraba. Siririn yankan roba a cikin aljihun yakan ɗaga ta, amma aikin masana'anta ne.

Mai Gyara:
Kafin sabon samfuri, a ba mu kayan gyaran tsofaffi. Giyar roba da aka matsa a kan sandar ƙarfe tana tsagewa da shekaru, domin robar na ƙanƙancewa, ƙarfen kuwa yana nan yadda yake. Alamarta ƙas-ƙas sau ɗaya a kowane juyin ƙafa, da ɗingishi a ƙaramin gudu. Manne ba ya riƙe irin wannan robar, sai canji. Akwai kuma ciwon shasin zinki: in an sami dalma ko wani datti a cikin zubin, shasin yana kumbura, ya tsattsage, ya fasa jikin da ke kansa, kuma ba ya gyaruwa. Ina so kowane kan jirgi ya zo da zanen sassansa da lambar kowane sashi, a kuma ɗaure jiki da sukurori huɗu a maimakon ƙananan haƙoran roba masu karyewa a buɗewar farko.

Malam Dogo:
Mu yi wa kamfanonin adalci kaɗan. Mazubin ƙarfe da ake zuba roba a ciki shi ne mafi tsada a aikin, kuma sai an sayar da dubbai kafin ya biya kansa, shi ya sa suke komawa kan sanannun injuna, suke kuma neman a yi oda tun kafin a ƙera. Kamfanin Hornby na Birtaniya ya shiga sikelin TT:120 a 2022, alamar cewa sabon fage na iya buɗewa in an ga masu saye.

Mai Layin Kef:
To, Malam, su bar mana jikin, su sayar mana da shasi. Injin ɗab'i na 3D mai rezin, wato ruwan roba mai daskarewa da haske, yana fitar da jiki mai kyau a kaurin shimfiɗa milimita 0.03 zuwa 0.05. A karkata jikin wajen bugawa, a bar kaurin bango ya kai milimita 1 zuwa 1.5, a sa haƙarƙari a ciki don dogon gefe kada ya lanƙwashe, a wanke da alkohol, a bari ya bushe sarai kafin a gasa shi da hasken UV. In an gasa ya wuce kima yana yin gautsi, matakala da madafa su karye. Abin da ba ya buguwa a gida shi ne bogi, wato ɗan shasin ƙafafu mai juyawa a ƙarƙashin jiki, mai mota. A yi shi a faɗin milimita 9, da 12, da 16.5, da tazarar ƙafafu iri uku ko huɗu, da ƙafafu masu gajeren leɓe da za su bi gajeren dogo mai lamba 55 da 75 ba tare da sun bugi katako ba, da rami ɗaya na sukuru a tsakiya don ɗaura jiki.